Ranar da Na Kai wa Inna Ɗauki Cikin Rigar Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar korona ba, duk da cewa cutar ba ta kama ni ba. Karatunta ne ya hau mini kai.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Agiye, ni ce mai awon jarirai. Wata rana majo, wato shugaban asibitin namu, ya zo da labarin wani karatu da ake yi ta wayar salula, kyauta, kan yadda za a kare kai daga annobar. Kai ne za ka zaɓi harshen da kake so: Faransanci, Larabci, Sinanci, da wasu da ban taɓa jin sunansu ba. A ƙarƙashin kowane darasi mutane na rubutu. Wata ma'aikaciyar asibiti daga Haiti na kukan ba su da safar hannu, wani daga Kongo na ba ta shawara, ni kuma ina gindin dogon yaro inda rezon waya ya fi kamawa, ina jin kaina cikin manyan duniya. Na ci jarrabawa, aka turo mini takardar shaida. (Kwafi uku na sa aka buga mini. Ɗaya na manna a ɗaki, daidai inda idon baƙo zai fara sauka.) Daga ranar ba wanda ya isa ya yi tari kusa da ni. Maigidana ma sai ya fita ƙofar gida yake atishawa.

Ina da ciki wata takwas, na fari, kuma ni ce 'yar farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, saboda kunya. "Ta Agiye" take ce mini. Zancen cikin kuwa ko da wasa ba ta taɓa tayar da shi ba. In na je ƙauyenmu, can bayan Gazawa, idonta na kan tukunya har in tafi.

Wata Alhamis da hantsi na kira ta mu gaisa. Kafin ta amsa sallama sai tari, irin busasshen nan mai shaƙe mutum. Na tambayi abin da ya same ta, ta ce ba komai, ɗan aiki ne. Na ce wane aiki, ta sake tari. Na ce jikinta da zafi? Ta ce har idonta zafi yake. Na ce tana jin ƙamshin abinci? Ta ce tun jiya hancinta ya daina aiki. Sannan ta ƙara da cewa su huɗu ne a gidan, kowa haka yake fama.

Wallahi nan take na ce korona ce. Inna ta manyanta, ga hawan jini, kuma darasi na uku ya faɗi abin da cutar ke yi wa irinsu. Na zauna na yi kuka sosai, sannan na tashi na share ido, don ai ni mai takardar shaida ce.

Kayan kariyar asibiti kaɗan ne, suna kulle a buro, wato ofishin majo, shi kuma ya fita rangadi. Sai na haɗa nawa. Rigar ruwan maigida, ruwan ɗorawa, da tabaran da yake hawa babur da shi, da takalmin robar gona, takunkumi biyu, safar hannu, da baƙar leda na ɗaure kai. Na zuba su a buhu na hau kabu-kabu. A bakin gari na sa mai babur ya sauke ni bayan lakol, wato makarantar boko, na saka su ɗaya bayan ɗaya, yadda matar cikin bidiyon darasin ta yi. (Ita a ɗaki mai sanyi ta yi nata. Ni a tsakiyar bazara, rana na bisa kai.)

Haka na ratsa garin da aka haife ni. Mata a bakin rijiya suka watsar da guga. Wata tsohuwa ta ɗauka masu ɗaukar gawa ne suka zo, ta fara salati, sauran suka kama. Kafin in kai ƙofar gidanmu rabin gari na bayana, har da maigari da sandarsa, ni kuma ina waigowa ina daka musu tsawa da muryar da ta shaƙe cikin takunkumi, ina cewa kowa ya ja baya taku uku.

Na banka ƙofa na shiga.

Mata huɗu na tarar sun kewaye turmi biyu, kowa ta naɗe hanci da bakin zane, hawaye na zuba. A tabarma ga barkono tuli, ga citta, ga kanumfari da masoro da kimba. Inna na tsaye da taɓarya a hannu. Yajin jego suke dakawa, nawa, wanda zan ci in na haihu. Shi ne "ɗan aikin" da bakinta ya kasa faɗa mini.

Kafin in gama fahimta barkono ya ratsa takunkumin nan biyu kamar babu su. Na saki atishawa ɗaya, maɓallin rigar ruwa ya tsinke a kan cikina ya yi tsalle ya faɗa cikin turmi. Tabarau ya yi hazo, na daina gani. Iya Ladi maƙwabciyarmu ce ta matso ta leƙa fuskata.

"La ila, ta Agiye ce! Ɗiyar nan, mi ya same ki?"

Dariyar da aka yi a gidan nan har yau ina jin ta. Maigari ya jingina da bango yana share hawaye. Ni kuwa na tsaya gumi na cika mini takalmi, ina roƙon ƙasa ta tsage. Na tuna shafin farko na darasin farko, wanda na wuce da sauri don na ga kamar bai da muhimmanci: a fara tambayar mara lafiya inda ya je da abin da yake yi, a saurari amsar da kyau.

Inna kaɗai ba ta yi dariya ba. Ba ta dube ni ba, kamar kullum. Ta jingine taɓarya ta juya wajen Iya Ladi.

"Ku bar yi mata dariya. Ita a zatonta mutuwa ce cikin gidan nan, kuma ta shigo." Ta ɗan yi tari, ta gyara zane. "Ki ce mata ta tuɓe ledar nan kar ta dafa mini jika."

Ranar ce ta fara ambaton abin da ke cikina. Kukan da na yi a wurin na ɗora wa barkono, kowa kuma ya yi kamar ya yarda.

Na haifi 'ya mace, na yi arba'in a ɗakin Inna ina cin yajin nan safe da yamma, kuma ba a taɓa gano maɓallin ba. Takardar shaidar na nan a bango, har yanzu ina alfahari da ita. Sai dai da za su ba ni dama, da na ƙara layi ɗaya a darasin, a fassara shi cikin duk harsunan nan: in mara lafiyar uwarki ce, ke kuma 'yar fari, kada ki ɓata lokaci da ita, kira maƙwabciya.