Agogon Nafi'u da Zakaran Marka

Azumi ya gabato. Da hantsi Nafi'u ya shigo gidan kakarsa Marka a Nasarawa Burkullu, ya naɗe hannun riga don kada wani ya kasa ganin abin da ya sayo a kasuwar Gummi. Agogo ne mai ƙyalli, da 'yar taga a fuskarsa, wani ɗan keji na ƙarfe yana ta juyi a ciki. Niyyarsa ya kai shi kyauta ga Malam Sharu, ladanin unguwa, mahaifin Basira, yarinyar da Nafi'u yake nema da aure. Tun da ya sayo shi yake ɗaure da shi, wai gwaji yake yi.

"...lahiya lau, tsohuwa mai ran ƙarhe. Ashe har yanzu kina nan?"

"In tahi in bar wa wa kai, mijin da ba cefane? Rufe hannun nan, ka kashe min ido."

"Hassada ga mai rabo taki. Turbiyon aka ce wa irin wanga agogo, Kaka. Mai shago ya ce wanga kejin da ke juyi shi ke hana nauyin ƙasa ya rinjayi zuciyar agogo. A tsaye, a kwance, ba ya kuskure. Na asali sai an sai da garke guda. Wanga ƙanenshi ne, kamar an tsaga kara."

"Awo. Kama da wane ba ta wane. Ran Litinin da nike azumin nafila, wa ya leƙo ya ce min in sha ruwa, magariba ta yi?"

"Taimakonki na yi."

"Na ɗauki moɗa har na kai baki. Na duba, kaji na kiwo, rana na bisa rumbu tana kallona."

"Ranar ce ta makara. Ta tsufa, kamar wasu."

"Jiya hwa? An kira la'asar, shi yana hantsi."

"Hanyar Bukkuyum ce ta jijjiga shi bisa babur."

"Ikon Allah! Abin da ya gagari nauyin duniya, ramin hanya ya kada shi."

"Amma dubi kejin, bai taɓa tsayawa ba!"

"Jakin da anka ɗaure ga turke ma bai tsayawa. Yini yana zagaye, ba inda ya je."

"Ke mi kika sani ga agogo? Lokacin da anka haihe ki ko rana ba a gama ƙerawa ba."

"Shi ya sa na san halinta." Marka ta ja ƙwaryar wake gabanta, ta yi fuskar tausayi. "Ni dai kada in hana ka. Tunda Sharu ka saya wa, kai mishi yau-yau. Ran farko na azumi Sharu ya dubi hannu, ya kira magariba ana azahar, gari duka ya kai baki ga kunu. Ramuwar azumin jama'a a wuyanshi, shi kuwa a wuyanka. Basira ta huta, ni in ci gaba da riƙon mijina."

Nafi'u ya dubi agogon. Ya kara shi a kunne, ya girgiza. A hankali ya fara sauke hannun rigar.

"Kaka... na riga na ce wa Basira ta shaida mishi ina tahe da abin sanin lokaci."

"To, baki shi ka yanka wuya. Kamo min jan zakaran can."

Da kyar ya kamo shi a bayan rumbu, yana haki.

"Ungo, kai wa Sharu. Ya yi cara, asuba. Ya shiga akurki, magariba. Ba a murɗa mishi kunne, ba ruwanshi da ramin hanya."

"Shi ma ba jabu ba ne?"

"Na san uwarshi, na san ubanshi. In kuwa ya yi kuskure, a yanka a sha romo. Naka in ya yi kuskure, mi za a ci?"

Nafi'u ya tuntsire da dariya har zakaran ya kusa kuɓucewa. "Na sallama, uwargida. Agogon hwa?"

"Kawo nan. Ni da ba inda za ni, ya yi ta ƙaryarshi."

Ta ɗaura shi a siririn hannunta, ya silalo har gwiwar hannu. Nafi'u ya kai bakin zaure ke nan, zakara a hammata, rana na dukan ƙeya, sai ya ji muryarta daga tsakar gida.

"Yi sauri, ango! Turbiyon ya ce an yi isha'i, kada ka tarar sun kwanta!"