Dattijo Ya Yi Gyangyaɗinsa na Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da dukan makanikan da suka taɓa aronsa rasuwar Dattijo, jak ɗin ɗaga mota na maigidana, Baban Noti. Ya cika da hantsi a ƙofar gidanmu, yana kan aiki, da mota a kansa. Ni ce na fitar da wannan sanarwa, ba maigidan ba, domin shi har jiya cewa yake yi suma ce.

Marigayin jak ne mai mai, gajere, mai siffar kwalba. An ce ja ne a ƙuruciyarsa, amma ni baƙi na same shi. Ya girme ni a gidan nan, ya girmi aurenmu. Ubangidan Baban Noti ne ya ba shi ranar da ya yaye shi daga koyon aiki, ya ce masa wannan ya ɗaga motocin da suka fi shi shekaru. Da ubangidan ya rasu, sai ya zama Dattijo ne kaɗai abin da hannunsa ya taɓa da ya rage mana. Shi ya sa ba a kiransa jak a gidan nan, ba a kuma ajiye shi a tsakar gida. A bayan ƙofar ɗaki yake kwana kamar baƙon kunya.

Duk wanda ya san shi zai shaide shi da haƙuri. Bai taɓa tambayar motar wa ce ba. Ta mai hali da ta mai lallaɓawa duk ɗaya ya ɗauke su. Muryarsa idan yana hawa ita ce ƙiƙ, ƙiƙ, ƙiƙ, kamar tsoho yana miƙe gwiwa, idan kuma aka sassauta masa sai ya ce fissss, ya zauna. Da wannan ƙiƙ ɗin aka ciyar da ni, aka yi mini awon ciki, aka sayi zanen goyo. 'Yarmu, wadda abokan aikin babanta suka laƙaba wa Noti don ƙanƙantarta, ta iya cewa fissss kafin ta iya cewa Mama. Ban manta alherinsa ba, kuma ba zan bari a ce na manta ba.

Ciwon ajalinsa ya daɗe. Da fari ɗigon mai nake gani a siminti inda ya kwana, in goge, gobe in sake gani. Daga baya sai ya fara sauka da kansa, a hankali, ba a taɓa shi ba. Na yi magana. Baban Noti ya yi dariya ya ce, "Haba Maman Noti, gyangyaɗi yake yi. Wane tsoho ne ba ya gyangyaɗi? Ka ɗan taɓa shi sai ya farka." Ya kama sandar ɗaga shi ya yi masa ƙiƙ biyu, motar ta koma sama. Tun daga nan kalmar ta zauna a gidan. Gyangyaɗi. Kalma mai laushi, ta kakanni a kan tabarma. Ita ta rufe mini baki, don wa zai yi faɗa da tsoho saboda ya yi gyangyaɗi?

Ana cikin haka Allah ya buɗa mana, aka ɗauki Baban Noti aiki a wani babban gareji. Sharaɗinsu shi ne kowane makanike ya zo da akwatin kayansa. Muka baje komai a tsakar gida muna zaɓe, ni ina gogewa, shi yana jerawa. Sifanu daga ƙanana zuwa manya, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, guduma, tocila. Ya ce akwai wani saitin soket mai ƙyalli, na kwance notuna, da ya gani a kasuwa, shi kaɗai ya rage ya saya, kada a raina shi ranar farko. Kafin komai kuwa ya ɗauki Dattijo ya sa a ƙasan akwatin. Na fitar da shi. Ya mayar. Na ce, "Mai gyangyaɗi za ka kai sabon wurin aiki?" Ya ce, "Ke dai ki goge sifana. Wanda ya raka ni wahala shi zai raka ni daɗi."

Washegari maƙwabcinmu ya kawo motarsa a duba masa birki kafin maigidan ya zama na gareji. Aka ɗora ta a kan Dattijo, aka cire tayar gaba, aka yar da ita daidai bakin ƙofa. Na fito da bokitin wanki, tayar ta tare mini hanya, sai na sa ƙafa na tura ta ƙarƙashin motar. Baban Noti yana kwance a kan kwali ya ɗaga murya, "Kin tare mini haske! Janye ta." Na ce to, bari in ajiye bokiti.

Ina ajiye bokitin na juyo, sai na ga tafin ƙafafun Noti. Su kaɗai suka rage a waje. Ta rarrafa ta bi babanta da sifana a hannu, za ta miƙa masa kamar yadda take gani ina yi.

A nan Dattijo ya yi maganarsa ta ƙarshe. Bai yi ta a hankali ba yadda ya saba. Fiss, gajere, sai ƙarar ƙarfe. Motar ta faɗo ta zauna a kan tayar nan da aka ce in janye.

Ban san da wane hannu na jawo ta ba. Ba ta ji ciwo ba, ko ƙwarzane. Baƙin mai ne kawai a gashinta, inda cikin motar ya shafe ta. Babanta ya fito da jan ciki, goshinsa a fashe kaɗan, ya zauna a ƙasa. Noti ta dube mu, ta nuna motar da sifanar, ta ce, "Fissss."

Tun ranar nake jin sa. Ina jin sa a butar shayi idan ta tafasa, da ruwa idan ya ɗiga a kan garwashi, da mai faci idan yana sace iskar taya a bakin titi. Ina jin sa a numfashin yarinyar idan tana barci a bayana. Na wanke mata kai har sau nawa ban sani ba, amma idan na sunkuya ina jin warin man. Kuma kullum ina ganin kaina na ajiye bokitin da wuri, na yi biyayya, na janye tayar.

Wasu masu ta'aziyya sun ce robar da ke riƙe man cikinsa ce kawai ta mutu, a canja ta ya tashi. Baban Noti ma ya sayo robar, na gan ta a aljihun rigarsa da zan yi wanki. Na ajiye masa ita a kan akwatin, kusa da rigar da Noti ta sa ranar, wadda man bai fita ba. Na ce, "Baban Noti, ubangidanka ya ba ka shi ne don ka ci abinci, ba don ya rufe ka ba. Gawa ba ta gyangyaɗi." Ya daɗe yana kallon rigar. Sannan ya ce, "To ki bari in kai shi da hannuna."

Marigayin ya bar mata ɗaya, sandar da ake ɗaga shi da ita, wadda ba za ta sake auren wani jak ba, za ta koma ƙara wa sifanar taya tsawo. Ya bar sifanu da dama, ban da mai lamba goma, wadda ta ɓata tun marigayin na da rai kuma har yau ana cigiyarta. Ya bar guduma, da filaya mai haƙori ɗaya, da tabon mai a bayan ƙofa wanda na daina ƙoƙarin gogewa. Ya kuma bar magada da bai taɓa gani ba: sabon jak, da ƙarfen tokare mota guda biyu masu ƙafafu, waɗanda ba su da mai a cikinsu balle su yi barci. Su aka saya a madadin saitin soket mai ƙyalli. In za a raina maigidana ranar farko, a raina shi yana tsaye da ƙafafunsa.

Za a yi jana'iza gobe da safe a rumfar mai walda ta ƙarshen layinmu, kafin Baban Noti ya wuce sabon aikinsa. Ba za a ba da gawar ga mai sayen tsohon ƙarfe a yadda take ba, domin na san halin kasuwa: wani zai wanke shi, ya shafa masa jan fenti, ya sayar wa mijin wata. Mai walda zai raba shi biyu a gabana, sai na gani da idona, sannan a auna shi a kilo.

Masu zuwa gaisuwa, ƙofa a buɗe take. Muna roƙon kada a zo da roba, kada a zo da mai, kada kuma a zo da labarin wani jak da ya farfaɗo. Wanda ya zo da ƙaramin yaro ya riƙe hannunsa. Idan kuma Noti ta tare ku a bakin ƙofa ta ce fissss, don Allah kada ku yi dariya.

Sanarwa daga Maman Noti, a madadin iyalin da suka rage.