Juyi Arba'in da Biyu Saboda Laktaye

Wani ne a garinmu na bakin kogi, can tsakiyar Ingila, tafiyar rabin awa a bas daga garin da aka haifi Marubuci. A wajenmu in ka ce Marubuci, ba mai tambayarka wanne. Shi kaɗai ne, mai wasannin kwaikwayon nan da ya mutu shekara ɗari huɗu da suka wuce ya bar mutane da gardama. Wasu su ce ɗan mai ɗinkin safar hannu ba zai iya wannan rubutu ba, wani basarake ne ya rubuta ya ɓoye sunansa. Wasu su ce wani ne da ya yi mutuwar ƙarya ya gudu Italiya. Har akwai masu cewa sarauniya ce da kanta.

To, mutumin namu ya kere su duka. Shi cewa ya yi kakan kakan kakansa ne, wani mai kiwon agwagi.

Kullum da safe matarsa Glenys sai ta sha hujjar tare da shayi.

"Glenys, da me ake rubutu a wancan zamani?"

"Da gashin agwagwa, maigida. Ka faɗa mini jiya."

"Wa ke da agwagi ɗari uku?"

"Kakanka."

"To! Mutum yana kwana cikin alƙaluma, a ce wai bai rubuta komai ba?"

"Shayinka ya huce."

Akwai ƙungiyar masoya Marubuci da ke taro duk Laraba da ƙarfe uku a tsohon gidan wasan kwaikwayo na titin kasuwa, ƙofarsa koriya, gab da ƙofar likitan haƙori, ita ma koriya. Shekara goma sha tara bawan Allah nan yana zuwa. Shi ke jera kujeru, shi ke wanke kofuna. Amma bai zama cikakken ɗan ƙungiya ba, don ba a ɗaura masa laktaye ba, koren nan mai hoton farin gashin tsuntsu da manya ke ɗaurawa a wuya suna hura hanci. Wallahi har mafarkinsa yake yi. Doka kuwa ɗaya ce. Ka hau dandamali ka gabatar da bincikenka cikin minti goma, ka kai ƙarshe. Sau ɗaya ake ba mutum damar a rayuwarsa. Shugabar ƙungiya, Misis Pargeter, tana da agogon kicin mai siffar kaza. In kazar ta yi ƙara ba ka gama ba, kai da laktaye har abada.

Bana aka ce ranarsa ta zo.

Sai dai akwai 'yar matsala. Duk hujjarsa a cikin wasa ɗaya take, wasan nan na mayu uku. Kowa ya sani ba a faɗin sunan wannan wasa a cikin gidan wasan kwaikwayo. An ce masifa yake jawowa, fitila ta faɗo, wani ya karye. Ni ma ba zan faɗa ba, kada ku zuba mini ido. Duk wanda bakinsa ya suɓuce, fita zai yi waje, ya juya sau uku, ya tofa yawu ta kafaɗar hagu, ya yi ashar, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofa ya jira a ce ya shigo.

Glenys tana gyara masa kwat a bakin ƙofa ta ce, "Ka dai kula da sunan nan."

"Ni? Haba Glenys! Shekara goma sha tara fa."

Ana yayyafi ya isa. Mutum talatin sun zauna, kowa da kofin shayi da biskit a gwiwa. Misis Pargeter ta murɗa kaza ta ajiye a tebur. Mutumin ya hau dandamali, ya gyara tabarau, ya gyara murya, ya buɗe takarda.

"Jama'a masu daraja, duk wanda ya karanta..."

Sai ga sunan. Raɗau, har da ƙarawa da ƙarfi don na baya su ji.

Kofi ya faɗi ya fashe. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Mista Dunkley mai tsaron ƙofa, wani gajere mai gashin baki wanda ya shekara arba'in yana jan labule a gidan, ya riga ya buɗe ƙofa.

"Waje."

"Madam shugaba, a tsayar da kaza!"

"Kaza ba ta tsayawa," in ji Misis Pargeter.

Ya fita a guje. Ya juya sau uku, ya tofa, ya ce, "Tir!" Ya ƙwanƙwasa.

Dunkley ya ɗaga murfin ramin wasiƙa ya leƙo. "Tir kuma? Wannan zagi ne ko gaisuwa? Yi na gaske."

Mutumin da ko kare bai taɓa zagi ba, ya rufe ido ya ɗura wata ashar da ya taɓa ji a filin ƙwallo. Aka buɗe. Ya koma dandamali yana haki, ya yi ɗan ruku'u.

"A gafarce ni, jama'a. Ban yi niyyar cewa..."

Ya sake faɗa.

"Waje!" Wannan karon mutum talatin ne suka haɗa baki.

Da ya dawo, minti huɗu sun tafi, bai ko ambaci agwagwa ba. Gumi ya karyo masa. Ya duba takardarsa ya ƙirga da yatsa, sunan yana nan har wuri goma sha huɗu a gaba. Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ta haifi zancen agwagin.

"Madam shugaba! In mutum ya yi juyinsa tun kafin ya faɗa, ya halatta?"

Misis Pargeter ta dubi Dunkley. Dunkley ya sosa gashin baki. "Shekara arba'in ban taɓa ganin wanda ya hana ba."

"To a buɗe mini ƙofa!"

Goma sha huɗu sau uku, arba'in da biyu. Jama'a, da kun ga wannan bawan Allah a tsakiyar titin kasuwa cikin ruwan sama! Hannu a buɗe, kwat yana tashi, yana juyawa yana ƙirge da ƙarfi. Duk juyi uku ya tofa ya ɗura ashar. Da asharsa ta ƙare sai ya shiga ƙirƙiro sababbi. Mutum takwas na layi suna jiran bas, ba wanda ya kalle shi ido da ido. Wani dattijo dai ya ɗan matsar da lemarsa saboda tofin, ya ce wa na kusa da shi, "Yau kam akwai ruwa."

"Akwai," in ji wancan.

A juyi na ashirin tabarau ya tashi ya faɗa kwata. A na talatin ya rungumi sandar fitila ya ba ta haƙuri. Da ya cika arba'in da biyu ya tsaya, amma titin ya ƙi tsayawa. Ƙofofi koraye guda shida suna wucewa ta gabansa. Ya bari uku suka wuce, ya cafke ta huɗu, ya ƙwanƙwasa. Wata mace ta buɗe ta ce, "Shigo, yallaɓai."

Ya shiga yana tangaɗi. Dishi-dishi yake gani, amma ga mutane nan a jere kan kujeru, shiru, kowa ya dafe kunci. Zuciyarsa ta yi fari. Ya ce a ransa, ka ga masu ilimi, tun ban fara ba sun shiga tunani.

Ya zazzaga. Agwagi ɗari uku, gashin fiffiken hagu da na dama, yadda mayun suke tsayawa su uku kamar agwagi a bakin tafki. Duk inda ya zo sunan sai ya faɗe shi da ƙarfi ya ɗaga yatsa, "Na yi juyinsa!" Wani mutum ya yi nishi mai tsawo. Wata mata hawaye yana bin kuncinta. Ba wanda ya katse shi, don mutanen garinmu gara haƙori ya kashe su da su katse wa baƙo magana. Shi kuwa ganin hawayen nan sai ya ƙara ƙaimi. Ya kai ƙarshe, kuma bai ji ƙarar kaza ba.

Matar da ta buɗe masa ƙofa ta taɓa kafaɗarsa. "Yallaɓai, kai ne na ƙarfe uku?"

"Ni ne!"

"Bismillah, ciki."

Aka kai shi wani ɗaki. Aka zaunar da shi kan wata ƙasaitacciyar kujera da ta ɗaga shi sama da kanta. Aka haska masa fitila shi kaɗai. Sannan ya ji hannu mai laushi yana ɗaura masa wani abu a wuya. Nan fa ya fashe da kuka.

"Daure, daure," in ji wani mutum mai fararen kaya. "Tun yaushe kake fama?"

"Shekara goma sha tara!"

"Kai! Amma kana da haƙuri. Buɗe baki."

Tun da ya shiga ƙungiyar ba a taɓa ce masa buɗe baki ba, kullum rufe ne. Ya wage shi iya ƙarfinsa. Da ya ji allura ta shige dasashi sai ya ce a ransa, ashe wannan ne sirrin da manya ke ɓoye mana. Ya jure har guda biyu.

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe. Misis Pargeter ce, kaza a hannu, ta daɗe da yin ƙararta. Dunkley na bayanta riƙe da tabarau yana ɗigar ruwan kwata. A bayansu kuma wani tsoho mai kumburarren kunci ya ɗaga hannu a hankali.

"Likita, a yi haƙuri, ni ne na ƙarfe uku. Ban so in katse ba ne."

Dunkley ya maƙala wa mutumin tabarau. Duniya ta dawo daidai. Ya ga fitila, ya ga filayar cire haƙori a faranti, ya dubi ƙirjinsa ya ga shuɗin ƙyallen tare yawu. Ya zabura zai yi bayani, cewa ya gama jawabinsa, ga shaidu a waje har da mai kuka, a tambaye su. Leɓe ya ƙi motsi. Harshe ya kwanta kamar tsumma.

"Bwaa. Bwa-bwaa!"

"Me yake cewa?" in ji Misis Pargeter.

Dunkley ya kasa kunne. "Ina jin sunan yake son faɗa, madam. Ya ƙi fita."

Misis Pargeter ta matso ta dube shi da kyau. Ya sake gwadawa, yawu ne kawai ya zubo. Ta juya wajen likita.

"Awa nawa abin nan yake yi kafin ya sake shi?"

"Uku, madam. Don Allah a gafarce ni, kuskure ne..."

"Taronmu awa biyu ne." Ta ajiye kaza, ta buɗe jaka ta zaro koren laktaye sabo fil. "Likita, in za ka riƙa yi masa wannan kuskuren duk Laraba, yanzun nan zan ɗaura masa da hannuna."