Yadda Ake Gyara Hoton Uwar Miji Har Danginta Su Kasa Gane Ta

Ke 'yar'uwa, matso kusa. Idan kin shekara da shekaru kina durƙusa wa uwar mijinki har gwiwoyinki sun yi kanta, ita kuwa har yau ba ta taɓa kiran sunanki ba, to kin zo inda za a share miki hawaye. Ni ce Iya Bolatito, mai ɗaura wa mata gwaggwaro a unguwar Oje, nan Badun. Babu bikin da za a yi daga nan har Oyo ba ki gan ni a bayan rumfa da fil a baki ba. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, surukarki za ta san sunanki, kuma ba za ta ƙara mantawa da shi ba. Na gwada su a kan Omolewa, matar maƙwabcina Adeniran, sun kuma yi aiki, ko da yake ba ta hanyar da muka tsara ba.

1. Ki ƙwace aikin bokiti

Uwar miji za ta cika shekara saba'in, dangi sun zauna rabon aiki. Kada ki kuskura ki karɓi girki. Tuwon amala in ya yi daɗi a cinye a manta, in kuwa gishiri ya yi yawa a miyar ewedu, har jikokinki sai an goranta musu. Ke dai ki ce za ki ɗauki nauyin bokitan roba da ake liƙa wa hoton mai biki, kowace baƙuwa ta tafi gida da guda. Bokiti ba ya ƙarewa. Za a yi ta wanka da fuskar Mama a gidajen mutane ana tuna wadda ta yi wannan ƙoƙari.

Shawarar da na ba Omolewa ke nan. Yarinya ce mai ladabi, tashin Legas, amma tun da aka kawo ta gidan, uwar mijinta, Alhaja Ayoka, ba ta kiranta da komai sai "'yar Legas ɗin nan". Abin yana cin ta a rai ƙwarai, ta sha yi min kuka a shago ina tsakar ɗaura mata kai. Ranar taron dangi ta durƙusa ta ce ita za ta yi bokiti. Alhaja ta dube ta ta gefen ido, ta ce to, a gani.

2. Ki sato hoto

Kada ki roƙa. In kika roƙa, hoton fasfo na zuwa Makka za a miƙo miki, wanda ta ɗaure fuska kamar an taka mata ƙafa. Ki jira ranar Juma'a ta sha leshinta, ki yi kamar kina duba saƙo, ki ɗauka. In akuya ta shigo bayan hoton ko janareto ya fito, kada ki damu, duk za mu yi maganinsu.

3. Ki ja kowane layi har ƙarshe

Sauke manhajar gyaran hoto, kowace ce, duk uwarsu ɗaya. Za ki ga wasu 'yan layuka a ƙasa da ake ja da yatsa: na haske, na santsin fata, na farin haƙori, na rage kumatu. Masu tsoro su kan tsaya a tsakiya. Ke ba irinsu ba ce. Wanda ya ƙera layin nan bai yi masa ƙarshe don ado ba, ki ja har sai yatsanki ya faɗi daga gefen waya.

Ki fara da wuya. Wuyan Alhaja hawa uku ne, Omolewa ta mayar da shi ɗaya, sumul. Ta ɗaga girar da ta sauko, ta haska haƙoran da goro ya yi wa rini. Ta cire akuya, ta sa furanni da wata matattakalar bene mai ruwan zinariya wadda babu irinta a duk Oje. In kin ga ƙofar da ke bayanta ta lanƙwashe, ki bar ta. Ba a zo bikin ƙofa ba.

4. Ki danna wurin goge tabo

Nan ne asirin yake, ki buɗe kunne. Akwai wani ɗan maɓalli da aka yi don ƙuraje da tabon fuska. Waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa ganin mutumiyar Oyo ba, duk layin da suka gani a kunci, a wurinsu rauni ne. Alhaja kuwa tsagar gidansu ce a fuskarta, huɗu-huɗu a kwance a kowane kunci, manya, irin na mutanen da. Dannawa ɗaya, suka ɓace. Kunci ya fito luwai-luwai kamar na jaririya.

A nan ne zuciyarki za ta fara yi miki surutu, kada ki saurare ta. Omolewa ma ta tsaya ta ƙura wa wayar ido, ta ce, "Iya, anya kuwa? Kamar ba Mama ba."

Na ce da ita ta nuna min tsohuwar da za a mayar wa da kuncin budurwa ta ce ba ta so. Na ce ai su can Legas wa yake tsaga yanzu, gata ma za ta yi mata. Ni fa ƙwararriya ce, kan mata nawa ya bi ta hannuna? Sai ta adana hoton a haka.

5. Kada ki nuna wa mai ido

Dole miji ya gani, don gobe ki sami abokin ɗaukar laifi. Amma ki zaɓi lokaci. Ki jira ana ƙwallo, ana shirin buga fanareti, ki tura masa wayar gaban hanci. Adeniran ya ce ya yi kyau ƙwarai, ko juyowa bai yi ba. Uwarsa ce fa.

Mai buga hoton zai tambaye ki ko jikar mai bikin ce wannan. Ki ce masa aikinsa liƙawa, ba tambaya ba. In an kawo bokitai, ki jibge su a ɗaki ki rufe da zani, ki ce ba-zata za ki yi wa Mama.

6. Ranar biki, ki tsaya kusa da kayanki

An tare titi, an kafa rumfuna, masu kalangu suna ta zuga, kowa ya sha anko ruwan goro. Ni na ɗaura wa Alhaja gwaggwaronta, ya tsaya ƙyam, wannan kam ba mai kushe shi. Omolewa ta tsaya gefen tulin bokitai tana murmushi, ta yaye zanin.

Wanda aka fara miƙa wa shi ne Baba Ajadi, yayan Alhaja, wanda ya taso tun daga Oyo da sandarsa. A duk 'yan ɗakinsu su biyu suka rage. Ya kai bokitin kusa da ido, ya nisanta shi, ya goge tabarau da bakin riga, ya sake dubawa. Sannan ya tambaya da ƙarfi, don kunnensa ya yi nauyi, ko sun yi ɓatan kai ne sun shigo bikin wasu.

Aka ce masa ai ƙanwarsa ce.

"Ƙanwata 'yar gidanmu ce," in ji shi. "Wannan ba ta da gida. 'Yar wa ce?"

Wallahi har mai kalangu sai da ya sassauta hannu. Aka kai wa Alhaja bokiti, ta daɗe tana kallo. Mun zaci za ta yi faɗa, ga shi kuwa ta iya. Ba ta yi ba. Hannu kawai ta kai kuncinta ta shafa, kamar mai duba ko tsagar tana nan. Sai ta ce ko guda ɗaya kada ya fita daga wurin nan da wannan fuskar. Omolewa ta zube a ƙasa da ankonta, ni kuma na tuna ana jirana a can bayan rumfa.

7. Ki tanadi baƙin alƙalami tun da wuri

Irin mai kaurin baki da 'yan kasuwa ke rubutu da shi a jikin buhu. Da na san za a buƙace shi da na sa shi a mataki na ɗaya.

Ana can ana rawa ana liƙi, Omolewa tana bayan rumfa kusa da masu wanke-wanke, bokitai sun kewaye ta, tana zana layi huɗu a nan, huɗu a can, hawaye na ɗiga a kan leshi. Ta riga ta yanke cewa ita da wannan gida sai dai gaisuwa daga nesa. Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba, har na riƙe mata murfin alƙalamin.

Can sai ga Alhaja ta baro filin rawarta, kuɗin liƙi na manne a goshinta. Ta ɗauki bokiti ɗaya daga waɗanda aka gama, ta yi tsaki, ta ce ba haka suke ba. Ta ja kujera ta zauna, ta kamo yatsan Omolewa, ta ɗora a kuncinta na hagu, ta bi da shi kan tsagar ɗaya bayan ɗaya. Uku a miƙe suke. Ta huɗun, ta ƙasa, ta karkace ta yi wajen kunne. Tsawon zaman Omolewa a gidan, kanta a sunkuye yake, ba ta taɓa lura ba.

"Uwata ce ta riƙe ni ranar da aka yi min," in ji Alhaja. "Da na tsala kuka sai hannunta ya yi rawa, askar wanzami ta goce. Ban tashi na gan ta ba, ko hotonta babu. Wannan karkatacciyar ita ce kaɗai abin da hannunta ya bar min. Ki zana ta yadda take, Omolewa."

Yarinya ta ɗago kai da sauri. Ta ɗauki bokiti ta zana uku a miƙe, ta karkata ta huɗun. Alhaja ta duba ta gyaɗa kai. Omolewa ta share ido, ta tambaya a hankali ko ta mayar da wuyan ma yadda yake, tunda ga alƙalami a hannu.

Alhaja ta ɗaga bokitin ta kalli wuyan nan sumul, ta juya shi ta wannan gefe da wancan.

"Wa ya aike ki? Wuyan nan nawa ne sak. Ki bar shi."

Sai da magariba ta kawo jiki aka fara rabo. Baba Ajadi ya karɓi nasa, ya kai kusa da ido, ya ce yauwa, ga Ayoka, ya kuma nemi a ƙara masa ɗaya.

Abin lura

Na yi alkawarin za a kira sunanki, an kuwa kira. Ban ce ba za ki yi kuka ba, ban ce za ki ci shinkafar biki da zafinta ba. Idan taki surukar ba ta da haƙurin Alhaja, ko aka kora ki gidanku da bokiti a ka, ko baƙin alƙalami ya ɓata miki leshi, babu ruwan Iya Bolatito, ni gwaggwaro na sani, ban san waya ba. Wadda kuma ta zo ta ce ni na sa ta danna maɓallin nan, ta kawo shaida. Nawa bokitin yana nan a shago ina zuba fil a ciki, kuma duk wadda ta zauna a kujerata sai ta tambaye ni dalilin da layi ɗaya ya karkace.