Sai Mai Shara Ta San Naun

Yau da safe na ƙone wandon mutane da dutsen guga, kuma nahawun Turanci ne ya ja mini. Ina guga ina yi wa maiɗakina bita, sai kawai ƙauri ya tashi.

Shara take yi a asibitin unguwarmu, tun babbar 'yarmu tana goye. Kwanan nan Ranka-ya-daɗe na ofishin sama, Allah ya ƙara masa basira, ya gano ciwon asibitin. Ba rashin magani ba ne, ba rufin da ke yoyo a kan masu jego ba. Ashe masu shara ne ba su san ire-iren suna a Turanci ba. Aka sa jarrabawa: wadda ta faɗi, ta ajiye tsintsiya.

Muka garzaya wurin maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta. Ya ce naun Turawa ke ce wa suna. Akwai na gama-gari, kamar bokiti. Akwai na yanka, wanda ake fara rubuta shi da babban baƙi. Akwai mai tattara jama'a a kalma guda, kamar kwamiti.

"Saura wanda ba a gani, ba a taɓawa," in ji shi. "Kawo misali, uwargida."

Ta ce, "Safar hannun da aka ce za a ba mu, Malam."

Ya yi gyaran murya. "Rubuta alkawari. Shi za su fi ganewa."

Haka baiwar Allah ta yi ta hadda, tana wanke-wanke tana karya harshe, har ta rame. Da wannan tsintsiyar muke haɗa tukunya, guga kaɗai ba ya riƙe gida.

Ɗazu ta dawo daga zauren jarrabawa, mayafi duk ƙura. Na ce, "Yaya, an dace?"

"Wa ka gani? Masu jarrabawar sun tafi ƙasar waje koyon yadda ake duba takarda. Masinja ya ce tunda mun zo, mu share zauren."

Sun share kuwa, tas, da Hausa.

Yanzu dai aikinta na nan a rataye sai manya sun sauka daga jirgi. Malam ya ce kafin nan za su shiga babin aikatau, wato kalmomin da ke nuna an yi aiki. Ina roƙon Ranka-ya-daɗe, cikin ladabi, ya cire wannan babin. A ofishinsa ba za a samu wanda ya san aiki ba, balle mai dubawa.