Ranar da Na Tayar wa Madam Jemagu

Ko zan manta da komai na aikin gandun daji, ba zan taɓa mantawa da ranar da na nuna wa Madam jemagu ba.

Wani ƙauye ne a yankin Guna, inda manyan itatuwan maɗaci suka yi layi a bakin kasuwa. Jemagu masu cin 'ya'yan itace sun mayar da su gida tun zamanin kakanni. Sai ga maganar shimfiɗa gudron, wato kwalta, kuma zanen hanyar ya bi ta kan itatuwan. Shugabana a Damagaram ya tura ni in ƙirga jemagun. In suna da yawa a karkatar da hanya, in ba haka ba, sai gatari.

Aikin yana da ƙa'ida. Da magariba ake ƙirga su lokacin da suke fita kiwo, daga nesa, ba hayaniya, don in suka firgita suna iya ƙaura gaba ɗaya. Na cika wa mutanen garin kunne da wannan wa'azi. Har makaɗan biki na taɓa kora daga gindin itatuwan (hararar da ƙawayen amarya suka yi mini har yau tana bina).

Ranar yanke hukunci, injiniyar hanya ta iso daga Yamai da rana tsaka, sanye da farin leshi. Ni ma na ci ado da shaddar Sallah, har da turare. Maigari da jama'a suka kewaye mu. Jemagu kuwa sun dunƙule can ƙoli suna sharar barci.

Madam ta ɗaga kai ta ce, "Mushe, ina jemagun naka? Ni ganye nake gani." (Mushe nan Malam ke nan da Faransanci.)

Na ce, "Madam, sai magariba suke fita."

Ta duba agogo. "Kafin la'asar ina Damagaram. Abin da ban gani ba, ba ya shiga rapor ɗin da zan rubuta."

Ina son itatuwan nan, wallahi, kuma na ga sun kusa zama itacen girki. Ban san lokacin da na fizge faranti da cokali daga hannun wata mai awara ba.

Maigari ya ce, "Ɗana, ba kai ka hana...?"

Ina! Tuni na fara kiɗa. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal!

Sama ta yi duhu. Jemagu suka tashi ruu, suna tsuwwa. Daɗi ya kashe ni, na ɗaga kai, na wangale baki ina ihu, "Ga su nan, Madam! Ga su..."

Abin da na sani sarai, na kuma manta, shi ne jemage in ya firgita sai ya sauke nauyin cikinsa. Kuma lokacin nunar ceɗiya ne, sun ci sun ƙoshi. Ruwan ya sauko ba hadari. Jama'a suka watse cikin rumfuna, farin leshi ya koma atamfa, ni kuwa rabona bai tsaya a shadda ba (kada ku tambaye ni ɗanɗanon). Kasuwa kaf ta kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Madam ta goge gilashinta da bakin gyale, ta dube ni.

"Mushe, suna da yawa. Ka rufe bakinka."

Bayan tafiyarta kunya ta ba tsoro wuri, don itatuwan sun zama wayam. In jemagun ba su dawo ba, da hannuna na kore su. Washegari da sassafe na lallaɓa ta bayan gari don kada a gan ni, na tarar da su reras a rassansu, kai ƙasa, ko a jikinsu. Har ƙwalla na yi.

Yau in ka bi hanyar za ka ga gudron ya yi wata 'yar kwana a bakin kasuwa, maɗatai na tsaye. Ni dai na koyi darasina: in za ka kare haƙƙin na sama da kai, ka kare, amma ka matsa daga ƙarƙashinsa.