Mushe Illa Mai Riƙon Aji

Duk wanda bai ga Mushe Illa ba, wato Malam Illa a bakin 'yan boko, bai ga ilimi yana tafiya da ƙafa ba. Ɗan Birni ne, mai kwat ko rana na narka kwalta, mai tabarau ba ciwon ido. An turo shi wata lakwal, makarantar boko a garin Droum, ya riƙe ajin Madan Lubabatu da ta tafi haihuwa, amma yadda ya sauko daga mota sai ka rantse minista ne ya zo buɗe rijiya.

Ba a jima ba aka ji Madan za ta bi mijinta Agadas, aji zai rasa mai shi. Illa ya ƙwallafa rai. In ya samu, ya huta da yawon toshe gurbi, kuma ƙannen budurwarsa Wasila su daina kiransa Malamin Aro.

"Ƙananan malamai ke shaƙar alli," in ji shi a teburin mai shayi. "Mu masu zurfin tunani mun san inda ake rabon kujera."

Wurin rabon kuwa bayan darakta ne, shugaban makarantar. Kai, Allah ya yi baiwa a nan! Darakta ya yi tari, Illa ya kawo ruwa. Darakta za shi kasuwar Dogo, Illa na bayansa a kan babur rungume da jaka. Yara kuma ya bar musu babbar hikima: su yi ta maimaita abin da Madan ta bari a allo kafin ya dawo. Bayin Allah suka maimaita har rubutun ya koɗe.

Ranar da ansifekta mai duba makarantu ya zo cike gurbin, Illa ya goge takalmi, ya tsaya a inuwar maigida. Darakta mutum ne mai son sakayya. Ya dafa kafaɗar Illa, ya dubi ansifekta.

"Ranka ya daɗe, yaron nan ba irinsa. Tun da ya zo, daga safe har tashi, wallahi bai taɓa barin gefena ba."

Illa ya sunkuyar da kai, irin kunyar da ya daɗe yana gwadawa a madubi.

"Ko sau ɗaya?" in ji ansifekta.

"Ko sau ɗaya!" Illa ya cafe da kansa, kada a rage masa lada.

Ansifekta ya juya wajen tagar ajin, inda yara ke rera darasin farkon shekara. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"To, Allah ya bar ku tare," ya ce. "Yaran nan kuma za mu nema musu malami."